Ba kowane ganye mai rawaya ne ke neman yuriya ba

Daga lambunan Kadawa da Kura har fadamun Sakkwato, maganar ɗaya ce: da zarar ganyen tumatir ko tattasai ya soma rawaya, sai a ce yunwar taki ce, a watsa yuriya. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda ake yaɗa ta ba, kuma kuɗin manoma da yawa na salwanta a kanta.

Gaskiyar ita ce, ƙarancin sinadarin naitirojin yana sa rawaya, kuma yuriya na ɗauke da kashi 46 cikin 100 na wannan sinadari. Sai dai yunwar naitirojin tana da fuskarta. Tsofaffin ganyen ƙasa ne ke fara koɗewa gaba ɗayansu, har jijiyoyin, domin shuka tana kwashe abin da ke cikinsu ta kai wa sabon toho. Idan kuwa sabon ganyen sama ne ya yi fari-fari alhali jijiyoyinsa na nan kore shar, wannan alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce, kuma yuriya ba za ta gyara shi ba. Tsohon ganye mai rawaya tsakanin jijiyoyi yana nuni ga ƙarancin magnesiyam. Wanda bakinsa ya bushe kamar an babbaka shi, fotashiyam yake nema, wanda ake samu a takin kamfa. Don haka tambayar farko ita ce: wane ganye ne ya fara, na ƙasa ko na sama?

Wani lokacin ma ba yunwa ba ce sam. Ruwan da ya kwanta a kwami yana shaƙe saiwa, ganye ya yi rawaya ko da ƙasa cike take da taki. A tuge shuka ɗaya a duba. In saiwar ta yi ƙulle-ƙulle, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne suka kama ta. Ganyen da ya nannaɗe ya ƙanƙance, shuka ta tsumbure, galibi cutar da farin ƙuda ke yaɗawa ce. Tabon da ake hango haske ta cikinsa kuma ɓarnar tsutsar Tuta absoluta ce, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016. Ƙara yuriya a nan asara ce biyu, domin ganye mai taushi ƙwari yake ƙara jawowa.

Abin da ya fi damuna shi ne batun baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin 'ya'yan tumatir, tattasai da kankana. Ana cewa cuta ce mai yaɗuwa, sai manomi ya yi ta feshi, yana zuba guba a kan abin da iyalai za su ci, tabon kuma bai daina ba. Ba ya yaɗuwa. Kalsiyam ne bai isa cikin ɗan ba. Kuma sau da yawa kalsiyam ɗin yana nan a ƙasa. Ruwa ne ke ɗaukarsa, to in yau an cika ban ruwa gobe an bar ƙasa ta tsage, jigilar ta yanke. Yawan yuriya ma ƙara tsananta shi yake yi. Maganinsa ban ruwa a kan kari, da shimfiɗa ciyawa ko buntu a gindin shuka don riƙe danshi. Ɗan da ya riga ya yi tabo ba ya warkewa, a cire shi.

Ana kuma cewa toka taki ce. Haka ne, tana da fotashiyam da kalsiyam. Amma ba ta da naitirojin, kuma in aka cakuɗa ta da yuriya sai ƙarfin yuriyar ya bi iska. Yawanta a wuri ɗaya yana iya hana shuka shan sinadarin ƙarfe.

Ganyen dashe da ke yin shuɗi-shuɗi mai ja a hunturu alamar ƙarancin fosfaras ce, amma sau tari sanyin ƙasa ne ya hana saiwa sha, kuma yakan wuce in gari ya ɗumama.

Ido yana nuna hanya ne kawai, gwajin ƙasa ke yanke hukunci, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, tana yin sa. Ɗan'uwa manomi, kafin ka sayi buhu na gaba, tsinko ganyen ƙasa da na sama, ka tugo shuka ɗaya da saiwarta, ka kai wa malamin gona ya duba.