Yadda Za Mu Riƙe Masu Aikin Sa Kai A Ƙungiyoyin Wasan Yara

Yau zancenmu filin ƙwallo zai nufa. Na san wata za ta ce, "Mu ina ruwanmu da ƙwallo?" To 'yar'uwa, in la'asar ta yi ki duba ki gani, ina ɗanki yake? Ko a Sanyinna kike, ko Dogon Daji, ko Jabo, ko can Kebbe da Kuchi, da wuya ba ya filin makarantar firamare ko bayan gari, yana ƙwallo ko langa ko kokawa. Akwai kuma wani babba tsaye a kansu riƙe da usur, ba gwamnati ta ɗauke shi ba, ba mai ba shi albashi. Wataƙila ƙanenki ne, wataƙila ma maigidanki. Irinsa ake kira mai aikin sa kai. Ba 'yan sa-kai na tsaron gari nake nufi ba, kada a rikita, masu ba da lokacinsu kyauta domin yaran unguwa nake nufi.

Kin sha ganin yadda ƙungiyoyin nan ke ƙarewa. A fara da zafi, a ɗinka riguna, a yi hoto. Bayan shekara guda sai mai horar da yaran ya fara fashi, daga nan ya daina zuwa gaba ɗaya. Ba faɗa aka yi ba, gajiya ce ta cinye shi. Yaran da suka saba da wurin zuwa da yamma sai su watse, wasu tasha, wasu majalisar da ba ki so ki ji sunan ɗanki a cikinta.

Mu kuwa ba baƙin wannan aiki ba ne, tun kaka da kakanni muna da gayya. Ɗan gayya ba a biyansa, amma mai gona ya san abin da ke wuyansa. Shi zai bi gida gida ya gayyato, ya nuna wa kowa kuyyarsa, a kawo fura da hantsi, a yi tuwo, makaɗi ya kira sunan wanda ya yi ƙwazo. Ran da gonar ɗan gayyar ta buƙaci hannu, shi ma a je masa. Mai gonar da ya bar mutane da ƙishirwa, baɗi ba zai ga kowa ba. Haƙƙin mai horar da yara a kan iyaye da shugabannin ƙungiya ke nan.

Kuyyar kowa a nan ita ce aikinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jibga wa mutum guda komai: shi ne koci, shi ne alƙalin wasa, shi ne ma'aji, shi ne mai rabon faɗa, shi ne kuma mai kai yaro wurin mai ɗori. A raba. A faɗa wa kowa tun ranar farko abin da zai yi, kwana nawa a mako, da kuma wanda zai kai wa kuka. A rubuta a littafi, ko da da ajami ne.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi kashe ƙungiyoyi, shi ya sa zan ɗan daɗe a kanta. Wata baiwar Allah ta taɓa yi mini ƙorafi cewa maigidanta ya ɗauki kuɗin cefane ya sayi ƙwallo, domin ta yaran ta fashe ana gobe wasa. Ban ga laifinta ba. Mutum ya ba da lokacinsa, ba a ce ya ba da tuwon iyalinsa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin kabu-kabu da na mota suka tashi, kai yara wasa daga Sanyinna zuwa Tambuwal a dawo ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Saboda haka ƙa'ida ita ce, duk abin da ya kashe domin ƙungiya, kuɗin mota ne, ruwan leda ne, katin waya ne, a mayar masa cikin makon nan, ba sai ya roƙa ba. Namiji zai gwammace ya bar aikin da ya zo yana bin bashin naira ɗari biyar a gaban jama'a.

Ina kuɗin za su fito? Nan ne wurinmu. Mu da muke riƙe adashi shekara da shekaru ba a ji kanmu ba, za mu iya riƙe asusun ƙwallon yara. Kowace uwa ta zuba abin da za ta iya a mako, wadda ba ta da kuɗi ta ba da mudun gero da kaka a sayar. Ni a ganina kada koci ya riƙe kuɗi sam, ba don ana zarginsa ba, don a tsare masa mutunci. Mace biyu su riƙe, ɗaya kuɗi ɗaya littafi, a karanta wa iyaye shiga da fita duk ƙarshen wata.

Kin tuna matan nan masu shiga gida gida suna faɗakarwa kan rigakafin shan-inna, waɗanda aka fara ɗauka a jihohin Arewa, har da Sakkwato, tun 2012 tare da taimakon UNICEF? Daga cikin unguwanninsu aka zaɓo su, aka horar da su, ana ba su ɗan alawus, akwai kuma mai zagayowa yana duba aikinsu. Da su aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020, da aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Horo da kulawa suka tsayar da su. Mai horar da yaranmu shi ma yana buƙatar a koya masa taimakon gaggawa, ko wurin 'yan agaji ko Red Cross ko ma'aikacin asibitin gari, ya san abin da zai yi in yaro ya suma ko ya karye. A watannin Maris zuwa Mayu zafin ƙasarmu kan wuce digiri 40, kada a fara wasa sai rana ta yi sanyi, kuma da ruwa a bakin fili.

A can Kenya, a unguwar talakawa ta Mathare da ke Nairobi, an kafa ƙungiyar wasannin matasa a 1987, wadda matasan unguwar ke gudanarwa da kansu. Wata dabararsu ta burge ni. Ƙungiyar da ta fita ta kwashe shara ana ƙara mata maki a teburin gasa, matashin da ya yi fice wajen aikin sa kai kuwa ana taimaka masa da kuɗin makaranta. Mu ba mu da irin ƙarfinsu, amma muna da uban ƙasa da hakimai da limamai. A kira sunan mutum a gaban uban ƙasa ranar rufe gasa, a miƙa masa takardar yabo da yadin shadda, wallahi ya fi masa abin da kike zato. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 5 ga Disamba don masu aikin sa kai tun 1985, ga shi ta faɗo daidai bayan kaka, lokacin da hannu ke da ɗan abu.

Kada kuma so ya rufe mana ido. Ba duk wanda ya ce zai taimaka ake miƙa wa yara ba. Mai unguwa ya san shi, iyaye su san gidansu. Kada babba guda ya keɓe da yaro, kada a yi tafiya wani gari sai da manya biyu da yardar iyaye, a kuma dawo tun da rana saboda halin hanya. Wasa kada ya ci lokacin Islamiyya, kowa ya kasance gida kafin magariba. Mutumin kirki ba ya jin haushin waɗannan sharuɗɗa, shi suke karewa daga bakin mutane.

Ki sa a ranki cewa mai aikin sa kai zai tafi. Damina ta faɗi yana gona, an gama girbi ya tafi cin rani Legas ko Ibadan, wani kuma aure ko karatu ya ɗauke shi. Don haka tun yana nan a sa masa mataimaki daga cikin manyan yaran, ya riƙa koyon busa usur da tsara fili. In zai tafi kada a yi masa gori, a yi masa sallama ta mutunci a karɓi littafi da ƙwallaye a hannunsa, a gaya masa gurbinsa na nan in ya dawo da bazara.

Wadda ƙanenta ko maigidanta ke wannan aiki, in ya shigo yau da ƙura har gwiwa, ki tambaye shi nawa ya kashe daga aljihunsa a watan nan, ki kai lissafin gaban sauran iyaye mata a zamanku na gaba.