Kayan Lambun Jos: Mu Ke Kawowa, Wasu Ke Ci

Duk wanda ya yi sammako ya je kasuwar Mile 12 a Ikko, ko kuwa ta Shasha a Badun, zai tarar da manyan motoci suna sauke kabeji, karas, koren wake, tattasai da buhunan dankalin Turawa. Da yawansu daga Jos suka taso. Direban namu ne, ɗan dakon namu ne, dillalin ma namu ne. Amma ka dakata ka ga lokacin karin kumallo. Mutumin da ya yi ta jidar karas tun asuba zai nufi teburin mai shayi, ya sayi burodi, a zuba masa sukari cokali huɗu. Da rana ya jiƙa garin kwaki, da dare a soya masa Indomie. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Yawancinmu da muke Kurmi jikinmu shi ne jarinmu, kuma akwai iyali a gida masu jiran aike. Ran da hawan jini ko ciwon sukari ya kwantar da mutum, ran nan aike ya tsaya.

Bari mu koma inda kayan suka fito. Jos tana bisa tudu ne mai tsayin wajen mita 1,200, shi ya sa take da sanyin da shuke-shuken ƙasashen Turai ke so. Haƙar kuza ce ta tara Turawa a can tun farkon ƙarni na 20, dankalinsu da kayan lambunsu suka karɓi ƙasar. Ramukan da aka haƙa kuzar kuwa sun zama kududdufai, da ruwansu manoma ke ban ruwa da rani. Mafi yawan dankalin Turawan da ake ci a Nijeriya daga Bokkos, Mangu, Barikin Ladi da maƙwabtansu yake fitowa, har akwai tashar binciken dankali a Kuru. Kayan miya kuma a kasuwar Farin Gada ake loda su.

To, amma abincin Filato na asali ba baƙo ba ne. Acca ce. Wannan 'yar tsaba, wadda ba ta fi ƙwayar yashi da yawa ba, Birom da sauran ƙabilun dutsen suna nomanta tun kaka da kakanni. Tana yi a ƙasa mai tsakuwa inda masara ba za ta yi ba, wani irinta kuma yakan nuna cikin mako 6 zuwa 8, watau tana isowa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero da dawa ba su kai ba. Turawa suka yi mata laƙabi da shinkafar yunwa, mu ma muka taya su raina ta. Alhali kuwa masana abinci sun gano tana da wani sinadarin gina jiki mai suna metiyonin, wanda ya yi ƙaranci a wake. Shi kuma wake yana da laisin, wanda hatsi ba su da shi isasshe. Ashe idan aka haɗa acca da wake a tukunya ɗaya, kowane ya cike giɓin ɗan'uwansa, jiki ya sami abin ginuwa ko babu nama. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don gero da danginsa, acca tana cikin waɗanda aka yi ta yabo, yanzu har a kantunan Amurka da Faransa ana sayar da ita da tsada.

Sai dai a yi hattara. An cika cewa acca maganin ciwon sukari ce, wasu har sukan ajiye maganin asibiti dominta. Wannan kuskure ne babba. Acca hatsi ce, idan aka cika kwano da ita sukarin jini zai hau. Amfaninta shi ne a ci daidai, da ganye da yawa, bisa shawarar likita. Kuma duk wadda ta taɓa dafa ta ta san sai an rege ta da haƙuri, in ba haka ba a tauna yashi.

A ganina babu abincin da ya fi dacewa da mazaunin ɗaki ɗaya kamar gwate, faten mutanen Jos. Acca ko tsakin masara, wake, alayyahu, yakuwa, gauta, albasa, ɗan manja ko daka gyaɗa, duka a tukunya guda. Abin da likitoci ke ta wa'azi a kai, watau hatsi, da mai gina jiki, da ganye, ga shi nan a kwano ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye, kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana, kamar cikin tafin hannu biyar ke nan. Amma fa dankali da rogo da doya ba sa cikin wannan lissafi. Dankalin Turawa yana da bitamin C da sinadarin fotasiyam mai taimakon zuciya, muddin dafa shi aka yi ba kullum suya ba. Wanda fatarsa ta yi kore ko ya yi tsiro da yawa, a yar da shi, gama akwai dafi a wurin. Gishiri kuwa hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a yini, ƙasa da cikin cokalin shayi ɗaya, kuma a tuna dunƙulen miya da garin da ke cikin ledar Indomie yawancinsu gishiri ne. Sukari kada ya wuce cokalin shayi 12 a yini, kwalbar lemo ɗaya ta kusa cinye wannan.

Wani zai ce kayan Jos sun yi tsada kafin su iso Agege ko Idi-Araba. Gaskiya ne, kuɗin mota da asarar hanya duk a kan mai saye suke. Amma mu duba abin da masu masaukinmu ke ci. Ewedu da Yarabawa ke sha da amala, lalo ne. Ganyen da suke kira tete, alayyahu ne. Manjan da wasunmu ke ƙyama saboda ba su saba ba yana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, kamar karas, wanda ke kare ido da ƙarfafa yara. Lemo, gwanda da abarba kuma a Kurmi suka fi arha.

Shayi ma akwai magana. Idan aka sha shi tare da abinci yana rage ƙarfen da jiki ke tsotsa daga wake da ganye, ƙarfen nan kuwa da shi ake yin jini. Masu juna biyu su suka fi buƙatar sanin haka. Lemo ko ɗanyen tumatir akasin haka suke yi, saboda haka a ci wake da su, a jinkirta shayin da kamar awa ɗaya.

Samarin da ke kwana huɗu ko biyar a ɗaki guda a unguwannin Sabo, da za su haɗa kuɗin Indomie na dare ɗaya, da sun sayi mudun tsaki da wake. Kabejin da ya ɗan ƙuje a mota da karas ɗin da ya karye, waɗanda ake karyar da farashinsu da yamma a Mile 12, amfaninsu a jiki ɗaya ne da na masu kyan gani. A yanke inda ya ɓaci, a wanke da ruwa mai tsabta, a zuba ganyen daga ƙarshe don kada ya dahu ya mutu.