Senoia: Garin da fim ɗin rugujewar duniya ya raya

A watan Nuwamban 2022 ne tashar talabijin ta AMC da ke Amurka ta nuna kashi na ƙarshe na The Walking Dead, bayan shafe shekara 12 ana haska shi, amma har yanzu masu yawon buɗe ido na zuwa jihar Jojiya domin ganin wuraren da aka ɗauki shirin.

Shirin, mai kashi 177, ƙagaggen labari ne a kan wasu tsirarun mutane da suka tsira bayan wata annoba ta mayar da akasarin bil'adama gawarwaki masu tafiya suna farautar rayayyu. Babu gwamnati, babu wutar lantarki, babu kasuwa.

Abin mamaki shi ne, labarin da ya ginu a kan mutuwar birane shi ne ya farfaɗo da wani ƙaramin gari.

Daga gada zuwa katanga

Galibin maziyarta kan fara ne daga gadar titin Jackson a birnin Atlanta. Daga nan ne aka ɗauko hoton da ya fi shahara a shirin, inda tauraronsa, ɗan sanda Rick Grimes, ya doshi birnin a kan doki, hannu ɗaya na babbar hanyar fayau, ɗayan kuwa cike da motocin da masu su suka gudu suka bari. Motocin da kwamfuta aka ƙara su. Gadar da dogayen gine-ginen kuwa suna nan, kuma ba a biyan ko sisi kafin a tsaya a ɗauki hoto.

Sai dai zuciyar ziyarar tana Senoia, kimanin kilomita 60 kudu da Atlanta. A 2012 aka mayar da babban titin garin ya zama Woodbury, mazaunin wani azzalumin shugaba da ake kira Gwamna a cikin labarin. Daga baya aka kewaye wata unguwa da doguwar katangar ƙarfe, aka kira ta Alexandria.

Unguwar ta gaske ce, da mutane a cikinta. Wasu mazaunan sun riƙa kokawa da ƙarar fashe-fashe cikin dare, da masu gadi a ƙofar shiga, da kuma baƙin da ke leƙen gidajensu da kyamara. An cire katangar bayan kammala shirin.

To amma kuɗi sun shigo. Shagunan da suka daɗe a rufe sun sake buɗewa, kuma a 2016 ɗaya daga cikin taurarin, Norman Reedus, da mai ba da umarni Greg Nicotero suka buɗe gidan abinci a garin. Ƙidayar shekara ta 2000 ta nuna mutanen Senoia ba su kai 2,000 ba, a 2020 kuwa sun haura 5,000, ko da yake bunƙasar Atlanta ma na da hannu a ciki.

Ba sa'a ce kawai ta kai shirin can ba. Tun 2008 jihar Jojiya ke ba kamfanonin fim rangwamen haraji da ya kai kashi 30 cikin ɗari na abin da suka kashe a jihar.

Ina na Kannywood?

Tambayar da wannan ke tayarwa a ƙasar Hausa a fili take. Matashin da ke kallon Labarina ko Kwana Casa'in a wayarsa a Tambuwal ko Kebbe ya san taurarin kamar 'yan unguwarsu. Idan ya yi tattaki har Kano, ina zai je ya gani?

Zai iya zagaya titin Gidan Zu, inda ofisoshin 'yan fim suka fi yawa, ko ya leƙa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka sha ɗaukar waƙoƙi a bakinta. Bayan haka sai gidajen mutane da otal-otal, domin a nan ake ɗaukar akasarin finafinan, a kan aro ko haya. Da zarar an naɗe kayan aiki, falon ya koma na mai gidansa, kuma babu magidancin da zai yarda baƙi su riƙa yi masa sintiri a tsakar gida. A nan al'adar Bahaushe ta sha bamban da ta Senoia, kuma da wuya a ga laifinsa.

An taɓa yunƙurin samar da wuri na dindindin. A 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ba da sanarwar gina ƙauyen fim a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano, a kan kimanin naira biliyan 3. Malamai da dama sun yi suka a kan mumbari, suna cewa wurin zai zama matattarar baɗala, wasu kuma na ganin ruwan sha da noman rani sun fi cancantar kuɗin. A watan Yulin shekarar aka soke aikin.

'Yan fim sun ce an yi asarar dubban guraben aiki. Masu adawa sun ce tarbiyya ta fi kuɗi. Abin da ba a tsaya an tattauna sosai ba a lokacin shi ne ko za a iya gina wurin bisa sharuɗɗan da ɓangarorin biyu za su amince da su, tun da dai Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ita ke sa ido a kan sana'ar.

A Senoia ma, ƙalubalen yanzu shi ne yadda za a riƙe maziyarta, ganin cewa sabbin shirye-shiryen da suka ɓalle daga labarin sun koma wasu wuraren, ciki har da Faransa da Sifaniya.