Ko Kun Sani? Yadda 'Yan Klingon Suka Sami Goshi da Harshe

Lokacin da 'yan Klingon suka fara bayyana a shirin talabijin na Amurka mai suna Star Trek a shekarar 1967, goshinsu sumul yake kamar na kowa. Kuɗin shirin bai taka kara ya karya ba, don haka sai a shafa wa ɗan wasa hoda mai duhu, a manna masa gemu da gira mai kauri, shi ke nan ya zama mayaƙi daga wata duniya. Sai a fim ɗin Star Trek na 1979 aka ƙera musu goshin nan mai tudu-tudu da aka san su da shi yau. Michael Dorn, wanda ya fito a matsayin Worf, wani ɗan Klingon, tun 1987, yakan daɗe zaune gaban masu kwalliya ana liƙa masa goshin roba kafin a kunna kyamara.

Abin da ya fi burge ni shi ne harshensu. Masanin harsuna Marc Okrand ya tsara musu nahawu don fim ɗin Star Trek na 1984, ya kuma wallafa ƙamusunsa a 1985. Da gangan ya juya tsarin jimla: abin da aka yi wa aiki ke zuwa farko, sai aikatau, mai aikin kuma a ƙarshe, tsarin da ba kasafai ake samu a harsunan mutane ba. Masoya shirin sun fassara wasan Hamlet na Shakespeare zuwa harshen, kuma tun 2018 manhajar Duolingo ke koyar da shi.