Daga Zobe Zuwa Matan Fada: Shirin Mai Zuwa Bikin Su Na Argungu Karon Farko

Duk shekarar da aka ba da sanarwar bikin kamun kifi na Argungu, zancen yakan iso har bakin madatsar ruwa ta Zobe a ƙasar Dutsin-Ma, inda masunta ke gyaran kalli a gindin itace. Dattawan da suka taɓa zuwa sukan shiga ba da labari, samari kuwa su kasa kunne, kowa yana lissafi a zuci ko bana zai samu ya tafi. Haka kuma a Kurfi, inda noma da fatauci suka fi su ƙarfi, ba a rasa ɗan kokawa ko mai ƙaramar sana'a da ke ƙulla wannan niyya.

To, amma Argungu ba wurin da mutum zai saɓi riga ya tafi kurum ba ne. Biki ne na kwanaki, wanda dubban mutane ke kwana a fili, su dafa abincinsu, kuma su ne 'yan wasan da kansu. Saboda haka wanda bai taɓa zuwa ba, lalle ne ya san abin da zai tarar.

Asalin bikin a yadda aka san shi yanzu ya faro ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya sa aka yi masa gagarumin su don girmamawa. Wannan ziyara ita ce ta rufe tsohuwar gaba da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwatawa. Tun daga nan abin ya yi ta bunƙasa, har a 2016 Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gargajiya na 'yan Adam da ya kamata a kiyaye.

Wani abin sha'awa shi ne, ɗan Zobe ba baƙo ba ne ƙwarai ga ruwan Argungu. Kogin Karaduwa, wanda aka datse aka yi madatsar Zobe da aka kammala a 1983, yana gangarawa ne ya shiga Bunsuru, ita kuma ta zuba cikin Rima, Rima ta bi ta Goronyo da Sakkwato har ta ratsa ƙasar Kabi. Watau ruwan guda ne. Sai dai yadda ake su ɗin ne ya bambanta, kuma nan ne shiri na farko yake.

A Zobe, masunci yakan shiga kwalekwale ya shimfiɗa kalli, ko ya jefa birgi, ko ya kafa mamari ya koma gida ya jira. A Matan Fada kuwa, watau gurbin da ake babbar gasar, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kayan aiki biyu ne tak: homa, wadda wasu ke kira koma, da ƙaton gora. Homa ita ce ragar hannu da ake riƙewa a nutsa da ita a rufe kifi. Gora kuwa shi ne abin hawa, shi ne kuma rumbu, domin a kansa mutum ke kifa ciki ya yi iyo, a cikinsa yake zuba abin da ya kama. Wanda bai saba da su ba, wajibi ne ya nemi nasa tun da sauran makonni, ya yi ta gwaji a gefen ruwa, ya koyi riƙe numfashi, ya kuma tabbata goran ba ya yoyo. Ranar gasa ba ranar koyo ba ce.

Abu na biyu shi ne tabbatar da rana. Akan yi bikin ne cikin Fabrairu ko Maris, lokacin da ruwa ya ja baya, amma ba kowace shekara ake yinsa ba. Bayan na 2009 sai da aka yi shekara 10 cur ba a yi ba, sa'an nan aka farfaɗo da shi a watan Maris na 2020. Don haka kada mutum ya sayar da akuyarsa ko buhun geronsa saboda jita-jitar kasuwa. Ya jira sanarwar Gwamnatin Jihar Kebbi da Masarautar Argungu a rediyo tukuna.

Na uku shi ne guzuri da abokan tafiya. Masaukin baƙi ba ya isar jama'a, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, shi ya sa mafi yawan masunta ke yada zango a fili, kowane gari da rukuninsa. Abin da ya fi sauƙi shi ne mutum biyar ko shida su haɗa kai, su yi karo-karo, su naɗa babba guda mai riƙe kuɗi, su raba aiki: wannan ɗebo ruwa, wancan nemo itace, wani kuma tsaron kaya sa'ad da sauran suka shiga ruwa. Tabarma da bargo ba su da makwafi, domin sanyin asuba a bakin gulbi ba ya da kirki. A haɗa da gidan sauro, da tocila, da buta, da 'yar tukunya, da garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino, abincin da ba ya lalacewa. Ruwan sha kuwa a tafasa shi ko a sayi mai tsabta, gama inda dubban mutane suka taru, ciwon ciki ba ya nisa.

Hanya ma abin lura ce. Daga Dutsin-Ma akan bi ta Ƙanƙara a faɗa Tsafe da Gusau, a wuce Talatar Mafara zuwa Sakkwato, daga nan kuma a yi kamar kilomita 100 kafin Argungu. Tun da 'yan bindiga suka addabi dazuzzukan Katsina da Zamfara, wannan hanya ta zama sai da lura. Mai hankali ya tambayi direbobin tasha halin da ake ciki, ya yi sammako, kada ya yarda dare ya riske shi a daji, ya kuma bar wa iyalinsa abin cefane da labarin ranar komowarsa.

Idan Allah ya kai shi lafiya, sai ya tuna cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ruwan Matan Fada yana da masu shi. Sarkin Ruwa ne ke kula da gurbin, kuma an hana su a cikinsa sauran kwanakin shekara don kifi ya girma. Ba mai sa ƙafa sai an ba da izini. Da an harba bindiga, sai dubban masunta su kwasa a guje su auka ruwa gaba ɗaya, makaɗa na bin su cikin jirage, a yi kamar sa'a guda ana fafatawa. A cikin wannan turmutsitsi ne haɗari yake, domin wanda ya faɗi ana iya tattake shi. Gara sabon zuwa ya bi gefe, ya sa ido ga abokinsa, in ya gaji ya fito ba kunya.

Wanda ya kamo kifi mafi nauyi, yawanci giwan ruwa, shi ne gwarzo. A 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ya yi, aka ba mai shi mota da kuɗi masu yawa. Amma kwaɗayin kyauta ya taɓa kai wani ga jin kunya: a 2008 an karɓe kambin daga wanda aka ce ya ci, aka kama shi, bayan an gano mataccen kifi ya shigo da shi daga wani wuri. Ɗan Katsina ya sani cewa sunan garinsa yake ɗauke da shi.

Wanda ba masunci ba ma yana da nasa fagen. Akwai kabanci, watau wasannin ruwa irin su tseren jirage da iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa, ga kokawa da dambe, ga nunin amfanin gona inda manomin Kurfi zai ga shinkafar fadamar Kabi. In ya samu sarari ya leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi.

Mutum guda ne ke cin gasa, sauran dubbai su koma da 'yan tarwaɗa da karfasa a gora. Duk da haka wanda ya je ya kwana cikin Kabawa da Zabarmawa da Nufawa, ya ci tuwo akushi ɗaya da su, ya komo Zobe lafiya, shi ne zai zauna a gindin itace baɗi yana ba ƙannensa labari. Allah ya kai kowa lafiya, ya ba mai rabo sa'a, amin.