Ciwon sukari na cin ƙashi: abin da ɓerayen gwaji suka nuna

A 1988, masana a Jami'ar Duke ta Amurka sun ɗora ɓeraye kan abinci mai yawan maiƙo da sukari. Cikin watanni suka yi ƙiba, jikinsu ya rage jin insulin, sukari ya taru a jini. Gwaje-gwajen baya sun nuna kitse na taruwa a ɓargonsu, cikin ƙashin kuma ya yi sakayau.

Mutum mai ciwon sukari ma ya fi saurin karaya, ko da awo ya nuna ƙashinsa da ƙwari, domin sukari na manne wa zaren ƙashi ya sa shi gautsi. A Garwa da Marwa, inda ake karyawa da makala da shayi mai zaƙi, a rage maiƙo, a yawaita tafiya, a riƙa auna jini.