Gajiyar Da Barci Ba Ya Saukewa: Matsin Aiki A Kasuwannin Fagge Da Hanyoyin Rage Shi

Idan ana maganar neman kuɗi a Kano, Fagge ce cibiya. A nan Kantin Kwari yake, inda ake sauke atamfa da shadda da leshi, a rarraba su har Nijar da Chadi da Kamaru. A nan Singa take da kayan masarufinta, ga Wapa ta 'yan canji, ga kuma kasuwar Sabon Gari mai ɗauke da sunan marigayi Muhammadu Abubakar Rimi. Kowa ya san dukiyar da ke juyawa a waɗannan wurare. Abin da ba a cika sawa a lissafi ba shi ne irin cin da wannan nema yake yi wa jikin masu yin sa.

Ka zauna a bakin kowane shago, ba za ka daɗe ba sai ka ji wani ya ce kansa ya ɗau zafi, wani ya ce tunani ya yi masa yawa, wani kuma ya ce jiya ya kwanta amma idonsa biyu har aka kira assalatu. Mun saba jin waɗannan kalamai har sun zame mana tamkar gaisuwa, amsarsu ɗaya ce: sai haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, amma likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa matsin aikin da ya zarce ƙima yana haifar da ciwo na gaske, wanda ake iya aunawa, kuma ake iya kauce masa.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da shirin ko-ta-kwana. Da zarar mutum ya hango barazana, ƙwaƙwalwa za ta aika saƙo, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda su saki sinadarai biyu, adiranalin da kotisol. Nan take zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, suga ya ƙaru a cikin jini, narkewar abinci ta ja baya. Wannan shiri shi ke ba mutum ƙarfin tserewa daga gobara ko kauce wa mota. Idan haɗarin ya wuce, komai ya koma daidai.

Matsalar ita ce jiki ba ya bambance gobara da mai bin bashi. Kiran wayar wanda ya ba ka kaya, tsawar maigida, alat ɗin da ya ƙi shigowa bayan kwastoma ya tafi da kaya, duk wannan shirin suke tayarwa. Idan abin ya zama na kullum, sai jiki ya zama kamar janaretan da aka kunna aka manta da shi: ba a kashe shi ya huce ba, ba a canza masa baƙin mai ba, ranar da zai tsaya kuwa ba ya sallama. Tun a 1936 wani likita mai bincike a Kanada, Hans Selye, ya nuna yadda matsi mai ɗorewa ke lalata jikin dabbobin da ya yi gwaji a kansu, kuma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da haka ga mutane.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki saboda tsawon lokacin aiki. Sun ce wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar jiki a gare shi ya fi na mai aikin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. To, mu yi lissafi da kanmu. Yaron da ke buɗe shago ƙarfe 8 na safe ya rufe 6 na yamma, kwana shida a mako, ya yi awa 60. Da yawa kuma ko Lahadi ba sa hutawa.

Ba yawan aiki ne kaɗai ba

Akwai wani bincike da ya kamata kowane maigida ya san da shi. A 1967 aka fara bin diddigin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 a birnin Landan. Tsammanin mutane shi ne manyan da ke riƙe da ragama su ne zuciya za ta fi kamawa, tunda su ke ɗauke da nauyi. Sai sakamako ya zo da akasin haka: 'yan ƙasan tsani, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, sun fi manyan mutuwa da kusan ninki uku. Kashi na biyu na binciken, wanda Michael Marmot ya jagoranta daga 1985, ya nuna cewa ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne rashin ta-cewa. Aikin da ya fi cin mutum shi ne wanda aka ɗora masa nauyi mai yawa, amma ba shi da iko a kan yadda zai yi shi, ko yaushe zai huta, ko me zai samu a ƙarshe.

Wanda ya san Fagge ya san masu wannan hali. Akwai yaron shagon da ya shekara bakwai yana yi wa ubangidansa hidima, bai san ranar sallamarsa ba, bai kuma isa ya tambaya ba. Akwai ɗan dakon da ke ɗaukar dila a ka cikin zafin Afrilu, abincinsa na yau yana hannun wanda ya kira shi. Akwai direban adaidaita sahu da ke wayar gari da bashin balas a wuyansa, kafin ya sayi mai, kafin ya tuna da cefane. Akwai telan da ya karɓi ɗinkin Sallah fiye da ƙarfinsa, ya koma kwana a kan keke. Akwai ma'aikaciyar bankin da aka yanka wa adadin kuɗin ajiyar da za ta kawo kowane wata, idan ta dawo gida kuma ga girki ga yara suna jira.

Su ma iyayen gidan ba su tsira ba, domin shekarun nan sun nuna musu cewa akwai abin da ya fi ƙarfin dabararsu. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. A daminar 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta lalata kaya masu ɗimbin yawa. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo, ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, sannan dala ta tashi daga wajen naira 750 a kasuwar canji ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Ɗan kasuwar da ya sayar da kaya yau ya kasa mayar da irinsu gobe, ba sai an tambaye shi dalilin rashin barcinsa ba. Abin takaici, sau da yawa zafin da ya kwaso a kan yaransa yake sauke shi, su kuma su kai gida su sauke a kan iyali.

Alamomin da bai kamata a raina ba

Jiki magayi. Kafin ya faɗi, yana yin gargaɗi: ciwon kai da na wuya da ba sa jin magani, zafin ƙirji da ɓacin ciki, faɗuwar gaba, kasa barci ko farkawa tsakar dare da lissafi. Sai saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, mantuwa, kuskuren ba da canji, da jin an tsani aikin da a da ake so. Wani ya daina cin abinci, wani ya daina zuwa majalisa, wani ya rasa sha'awar iyalinsa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da cewa irin wannan ƙarewar ƙarfi da ƙosawa da aiki matsala ce da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ba a magance ba. Ke nan ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne.

Maganin da ya fi ciwon illa

Hanyar da matasa da yawa ke bi ita ce ta ƙwaya. Ana shan tiramol don a yi aiki ba a ji gajiya ba, a sha wata da dare don barci ya zo, a kora da lemon ƙara kuzari. Wasu kuma kullum sai sun tsaya a kemis an haɗa musu maganin gajiya. Gaskiyar magana, ƙwaya ba ta cire gajiya, ɓoye ta take yi, jiki ya ci gaba da lalacewa mai shi bai sani ba. Tiramol mai yawa na jawo farfaɗiya da kamu, yawan shan magungunan ciwon jiki kuma na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Binciken da aka gudanar a 2018 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kuma a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Da yawa daga cikin waɗanda suka faɗa ba da neman maye suka fara ba, da neman ƙarfin aiki suka fara.

Abin da ke hannun ma'aikaci

Na farko barci. Baligi na buƙatar aƙalla awa bakwai. A sa wa waya lokacin rufewa kamar yadda ake rufe shago. Cinikin da ya shigo ta WhatsApp ƙarfe 12 na dare zai iya jiran safiya. A rage shayi mai kauri da goro da yamma. Wanda ya samu dama ya yi ƙailula ta minti 20 bayan azahar.

Na biyu, a mayar da lokutan salla hutu na gaske. A bar waya, a yi alwala a tsanake, a zauna ɗan lokaci bayan sallama kafin a koma. Haka abokan zamanmu Kiristoci na Sabon Gari, ranar Lahadi ta zama ta ibada da iyali. Idan rai ya ɓaci a tsakiyar ciniki, a ja numfashi a hankali, a sake shi a hankali, sau biyar ko shida kafin a yi magana. Hakan na sassauta bugun zuciya.

Na uku, a sauke lissafi daga ka a zuba shi a takarda. A rubuta bashi, na shiga da na fita, a raba jari da kuɗin cefane. Abin da aka rubuta ba ya tashin mutum da dare kamar abin da aka bari a zuci. Wanda bashi ya yi wa yawa ya je ya samu mai kuɗin su tsara biya, ya fi ɓuya da kashe waya sauƙi. Kuma a koyi cewa a'a: telan da ya ce ba zai iya ba ya fi wanda ya karɓa ya saɓa alkawari kwanciyar hankali.

Na huɗu, mai zaman shago ko ofis ya motsa jiki, ko da tafiyar minti 30 ce a ƙafa, kwana biyar a mako. A sha ruwa sosai lokacin bazara, a rage gishiri da sinadarin ɗanɗano. Sannan a samu amini ko ɗan'uwa ko malami da za a faɗa wa damuwa. Zurfin ciki ba jarumta ba ne.

Abin da ke wuyan iyayen gida da shugabannin kasuwa

Duk waɗannan ba za su wadatar ba idan tsarin aikin bai canza ba, kuma mabuɗin yana hannun maigida. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi hutun aƙalla awa ɗaya ga wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana, da hutun kwana ɗaya a kowane mako, da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki tare da biya bayan wata 12. Ko da doka ba ta leƙa shagonka ba, wannan ma'auni ne mai kyau. Ka yi wa yaranka karɓa-karɓa. Ka faɗa wa yaro tun farko, a gaban shaidu, abin da zai riƙa samu da lokacin da za ka sallame shi. Ka biya ɗan dako da ya sauke kaya. Idan za ka yi faɗa, ka ja yaro gefe, kada ka tozarta shi a gaban kwastoma. Ka saurari shawararsa a kan aikin da shi yake yi da hannunsa. Ba asara za ka yi ba, domin yaron da ya huta ya fi kula da kaya, ya fi sakin fuska ga mai saye.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma za su iya gayyato ma'aikatan lafiya lokaci-lokaci su auna jini da suga a cikin kasuwa, su samar da inuwa da ruwan sha ga 'yan dako, su kafa asusun tallafa wa wanda gobara ko karayar jari ta afka wa.

Yaushe za a je asibiti?

Hawan jini bai cika nuna alama ba, don haka duk baligi ya riƙa aunawa. Idan ya kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya, a ga likita. Ciwon ƙirji mai tsanani, karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, na gaggawa ne. Baƙin ciki ko rashin barcin da ya wuce mako biyu, kasa barin ƙwaya, ko tunanin kashe kai, su ma na likita ne. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau, zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna.

Kirana ga 'yan kasuwar Kwari da Singa da Wapa da Sabon Gari shi ne, wannan makon kowa ya je ya auna jininsa, kowane maigida kuma ya ware wa yaransa ranar hutu. Sai da lafiya ake neman kuɗi, kuma haƙƙin wanda ke ƙarƙashinka abin tambaya ne gobe ƙiyama.